Ba Mu San Wani Ikrima Ba

Babban Mutum, farkon Yuni

Zuwa ga maigidana Nagoggo, wanda ya tsere Ostareliya ya bar ni ba cefane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Ruwa ya sauka, an yi shuka, gero ya fara leƙowa. Gwiwata ce dai ba ruwanta da damina ko rani. Mahaifiyarka Adama lafiyarta ƙalau, haka ƙannenka. Ba ta ce in gaishe ka ba, ka san ba za ta ce ba, amma da na ce zan rubuto maka sai ta dakata da tankaɗe har na gama magana.

Kamar kullum da hannu nake rubutawa, sai na shiga Baure zan ɗauki hoton takardar in tura maka, don wayoyinmu a nan layin Nijar suke kamawa, shi ma sai ya ga dama. Tun kafin shuka rabona da Baure, ban san me ke jirana a cikin wayar ba.

Yanzu buɗe kunnenka ka ji aikin da tsohuwa ta yi maka. Ran Laraba wani mutum ya zo a kan babur, da riga mai aljihu barkatai, da waya mai faɗin faranti. Ya tsaya a tasha yana tambayar gidan su Ikrima Harisu da ke karatu a ƙasar waje. Da farko da gaske ba a gane ba, don wa ya san ka da Ikrima a garin nan? Tun da Goggo Hadiyya, Allah ya ji ƙanta, ta ɗauke ka a yaye ta tafi da kai Zango, Nagoggo kowa ya sani. Jafaru mai faci ne ya gane, ya bar taya a cikin ruwa ya sulalo ya gaya mini.

Ka san zamanin da muke ciki. Baƙo ya zo yana neman gidan da ke da ɗa a ƙasar Turawa, yana rubuce-rubuce, yana ɗaukar hoton ƙofa, me kuma ya rage? Haka ake fara wa mutane kafin a zo a kwashe su zuwa daji. Ni da na tsufa ina shugabar makaranta, na san fuskar mai ƙarya tun daga bakin ƙofa. Na aika wa mai unguwa Usman, kafin azahar gari ya zama baki ɗaya. Liman bai san ka ba, mai shayi bai san ka ba, ni kuwa da muke 'ya'yan wa da ƙane da kakarka, cewa na yi ban taɓa jin sunan ba.

Duk da haka sai da ya gano gidanku. Ya yi sallama, ya tambayi Adama, “Ikrima ɗanki ne?” Ta ja mayafi ta ce, “Ƙanena ne.” Wannan ba ni na kitsa mata ba, abin da take faɗa ke nan tun ranar sunanka. Ya ce to ta faɗi sunan ƙanen nata ya ji. Ta tashi ta shige ɗaki, ya gaji da tsayuwa ya hau baburinsa.

Saboda haka ka kwantar da hankalinka, mun rufa maka asiri ciki da bai. Tukwicina turmin atamfa, kada ka kawo mini mai ruwan toka.

Matarka ta fari,
Hajiya Rahmatu


Ostareliya, tsakiyar Yuni

Hajiya Kaka,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin jin kuna lafiya, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa, ya ba da damina mai albarka. Nan sanyi muke ciki. Ki yi haƙuri, yau ba ni da bakin wasa.

Mutumin da kuka kora ba ɗan leƙen ɓarayi ba ne. Ofishin tsaro na cibiyar da nake bincike ne ya sa aka aiko shi, ya tabbatar ni ne wanda na ce ni ne: garinmu, iyayena, makarantar da na yi. Duk baƙon da zai shiga sashen da na shiga sai an yi masa haka. Na rubuto miki tun watan jiya na ce wani zai zo, ku karɓe shi, ku gaya masa gaskiya.

Shekaranjiya aka kira ni ofis. Matar da ke shugabantarsa ta karanta mini abin da mutumin ya kai mata: gari bai san mai wannan suna ba, matar da ya ce mahaifiyarsa ce ta ce ba ɗanta ba ne. Ta miƙo hannu na ba ta katina na shiga ɗakin aiki. Abokan aikina suna kallo na kwashe kofina da dardumata na fito.

Ga abin da ke gabana. A ƙarshen Satumba za a yi gwajin jirgin da na shafe shekarun nan ina yi wa aiki. A farkon watan za a rufe lissafin da za a ɗora wa jirgin, daga nan ba mai ƙara ko rage komai. In ranar ta zo ba a mayar mini da kati ba, za a cire nawa a sa tsohon da ake da shi, karatuna ya tsaya, takardar zamana ta mutu.

Zan tambaye ki abu, ki gafarce ni. Da gaske ba ki ga wasiƙata ba? Ba sau ɗaya ba kin ce in dawo in koyar a Daura, ƙasar mutane ba gida ba ce. Ina ta juya abin a raina, na rasa yadda gari guda zai manta da mutum a yini ɗaya in ba so aka yi ya dawo ba.

Jikanki,
Ikrima


Baure, ƙarshen Yuni

Ikrima, tunda yau sunan da kake so ke nan,

Muna lafiya, an fara noman fari. Wasiƙunka biyu tare suka faɗo wayata yau a tashar Baure, ta watan jiya da ta zargi, ɗaya na bin ɗaya, don ranar da na turo maka tawa layin bai sauke mini komai ba. A shagon mai magani na zauna na karanta, a nan kuma nake ba ka amsa a kan gwiwata. In da ina so in dawo da kai, ba sai na tara liman da mai faci ba, kunnenka zan kamo. Raina ya ɓaci ƙwarai, ka sani.

Abin da ya faru ya faru, kuma ko gobe wani ya zo da irin wannan riga haka za mu yi masa. Amma tunda an buɗe fagen zargi, ni ma ina da nawa. Wane irin karatu ne wannan da sai an bi mutum har ɗakin uwarsa? Na koyar da yaran da suka zama likitoci da alƙalai, ba wanda aka taɓa aiko wani ya ɗauki hoton ƙofarsu. Kullum in na tambaye ka sai ka ce lissafin jirgi, ka kawo zancen sanyi. Wane jirgi? Wa zai hau? Me zai ɗauka? Mutanen da suka gudo mana daga yamma, in suka ji ƙara a sama har yanzu ƙarƙashin rumbu suke shigewa. In makami kake ƙera wa Turawa, ka faɗa mini da Hausa, kada in tashi in yi maka shaida a kan abin da ban sani ba.

Maganar Adama kuwa, kada ka matsa. Akwai abin da mace ba ta faɗa a kan yaron da ba ita ta raina ba, ko da wuƙa a wuyanta. Mu da muka san yadda aka yi, mun sani, ya isa.

Rahmatu


Ostareliya, farkon Yuli

Hajiya Kaka,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa a kan zargin da na yi miki. Kin tambaya da Hausa, ga amsa da Hausa, iyakar abin da aka yarda in faɗa.

Jirgin ba ya ɗaukar mutum. Tsawonsa bai fi kwalekwale ba. Roka za ta ɗaga shi sama a kan hamada ta sake shi, ya yi gudun da ya ninka na sauti sau biyar ko fiye, duka tafiyar ba za ta kai tsawon alwala ba. A irin wannan gudu hannun ɗan Adam ya yi nawa, kafin matuƙi ya ga hanci ya karkace jirgin ya riga ya tarwatse. Sai dai kwamfuta ta riƙe shi, ita kuma ba ta san komai ba sai lissafin da aka rubuta mata. Wannan lissafi shi ne aikina.

Wahalar ita ce jirgin ba ya amsawa daidai da abin da aka yi masa. Kin san babur a kan kwalta, in an murɗa kai kaɗan ya juya kaɗan. Amma a yashin hanyar Babban Mutum, murɗawa iri ɗaya wani lokaci ba ta yin komai, wani lokaci ta kayar da ke. To wannan jirgi kullum a cikin yashi yake. Zafin iska yana gasa jikinsa har ya riƙa lanƙwasa. Injinsa ta ƙarƙashin ciki yake shaƙar iska, in hanci ya ɗaga fiye da kima sai injin ya shaƙe, in injin ya shaƙe hancin ya ƙara ɗagawa. Mai yana ƙonewa, nauyi yana canzawa. Abin da ya fi ba ni wuya, in aka ce masa ya hau sama sai ya fara nutsawa ƙasa tukuna, in kwamfutar ta firgita ta ƙara ja, shi ke nan an rasa shi. Tsohon lissafi ya iya riƙe shi ne muddin komai na tafiya yadda aka zata. Nawa yana auna yadda jirgin ke canzawa yana cikin tafiya, yana gyara kansa. A cikin kwamfuta ya yi aiki sau ba adadi, a sama bai taɓa tashi ba.

Makami kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Mu jirgin bincike muke yi, burinmu wata rana a kai kaya ko mutane nesa cikin ɗan lokaci. Amma lissafi bai san abin da aka ɗora masa ba, wanda ya riƙe wannan zai iya riƙe wancan. Shi ya sa suke tsoron wanda ba su san asalinsa ba. Ni ma abin yana damuna, ban gama da shi a raina ba.

Yanzu ga tawa tambayar. Na yi wa matar ofis bayanin kunyar ɗan fari, na ce a wurinmu uwa ba ta kiran sunansa, ba ta cewa nata ne, ni ma Yaya nake ce mata. Ta saurara, sannan ta ce, “To wa ya taɓa gaya maka ita ta haife ka?” Hajiya, ba wanda ya taɓa gaya mini. Babana ya rasu ina rarrafe. Goggo ba ta taɓa zancen ba. Na dawo ɗaki na sake karanta wasiƙarki: yaron da ba ita ta raina ba, mu da muka san yadda aka yi. Yaya aka yi? Na girma ban taɓa jin ta ce ɗana ba, ban taɓa jin sunana a bakinta ba, na ɗauka al'ada ce. In akwai wani abu bayan al'ada, na isa in ji. Yaya ce ta haife ni?

Ikrima


Ostareliya, tsakiyar Agusta

Hajiya Kaka,

Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Fiye da wata guda ba amsa. Ke da ba a taɓa yi miki tambaya kika kwana da ita ba, shirun nan naki ya fara ba ni amsar da nake tsoro.

Matar ofis ta yarda a sake aiko mutumin, sau ɗaya tak, kafin watan nan ya ƙare. Shaidar liman da ta mai unguwa za su taimaka, amma ta ce dole mahaifiyar da na rubuta ta faɗa da bakinta, a ɗauka a waya, ta ce ita ta haife ni, ta kira sunana. In ba gaskiya ba ne kada ku sa ta rantse a kan ƙarya saboda ni. Gara in tattara in dawo.

Ikrima


Baure, ƙarshen Agusta

Maigida sarkin zargi,

Lafiyarmu lau. Ruwa ne ya cinye hanya, ba mota ba babur, sai makon jiya aka samu wucewa. Na shigo Baure na tarar da wasiƙunka biyu, na karanta, na ce a mayar da ni gida ko kasuwa ban shiga ba.

Kai yanzu duk lissafin nan naka, layi biyu na tsohuwa ne ya kayar da kai? Yadda aka yi shi ne ina cikin ɗakin aka haife ka. Ni na riƙe kafaɗun Adama, tana yarinya ƙarama, ta ciji bakin zanenta har ya huje don kada surukai su ji muryarta. Yadda aka yi shi ne ranar da Hadiyya ta zo ɗaukarka, Adama ta tafi rijiya tun safe ta ƙi dawowa sai da la'asar, aka yi ta yaba mata kunya, ni kuwa na ga idonta. Abin da nake nufi ke nan, ba wani abu ba.

Bayanin jirginka na karanta sau biyu. Na gane yashin, ban gane sauran ba, kuma maganar makami ban gama da kai ba. Amma wanda zai yi mini ƙarya ba zai ce abin yana damunsa ba, don haka na tafi wurin Adama.

Na ce mata mutumin zai dawo, ga abin da ake so ta faɗa. Ta ce, “Inna, ki nemi wani abin.” Na ce aikinsa zai lalace. Ta ce, “Allah ya ba shi wani. Ni in buɗe baki a gaban namiji baƙo in ce wai ni na… Inna, da wane ido zan kalli mutane?” Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo mata liman ya ce ba laifi a addini, tana dai sunkuye tana tsince wake. Da na rasa dabara sai na ciro wayar na karanta mata tambayarka, yadda ka rubuta ta, ban rage komai ba.

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ta ce, “Shi ya rubuta haka?” Na ce shi. Ta ture faifan gefe. Can ta ce, “Yaushe mutumin zai zo?”

Jiya ya zo. Hafizu sunansa, ashe ɗan Daura ne, rigar ce ta cuce shi. Wannan karon gari har ya so ya yi yawa, mai shayi cewa ya yi shi ya koya maka tafiya. Muka shiga gida, na kori kowa, daga ni sai shi sai ita. Ya kafa wayarsa a kan turmi. Adama ta dube ta, ta ce, “Shi zai ji wannan?” Hafizu ya ce, “A'a, Baba, ofis kaɗai, ko ya roƙa ba za a ba shi ba.” Ta ce, “Ka tabbata?” Ya ce ya tabbata. Ta gyara mayafi, ta kalli wayar ido cikin ido, ta faɗi abin da aka ce ta faɗa.

Hafizu ya miƙa hannu zai kashe, sai ta ci gaba. Ba wanda ya tambaye ta. Ta yi ta magana har inuwar katanga ta iso kanmu, shi kuma ya janye hannunsa ya sunkuyar da kai. Da ya fito ya ce mini shi ma ɗan fari ne.

Sai ka je ka karɓi katinka.

Matarka, in ba ka sake ni ba,
Rahmatu


Ostareliya, farkon Satumba

Amaryata Hajiya,

Ina gaisuwa, ina gaida gwiwa, ina gaida gari duka har da mai shayi. An mayar mini da kati ana saura ƙiris a rufe. Na shiga na tarar sun fara shirin sa tsohon lissafi, muka zauna da shugabana muka mayar da nawa. Jibi za mu tafi hamada. Ko jirgin ya tsaya ko ya tarwatse, da nawa zai tashi. Ku sa mu a addu'a.

Matar ofis ta nuna mini sakamakon, layi ɗaya ne: mahaifiya ta tabbatar. Ta ce wanda ya fassara musu ya tambaya ko duka ake so, don abin da suke bukata ya ƙare tun a farko, sauran kuma da yawa. Na roƙe ta in ji, ko kaɗan ne. Ta ce doka ta hana, kuma na ga ba ta ji daɗin faɗar haka ba.

Hajiya, ke kina wurin. Turmin atamfa biyu, ba mai ruwan toka. Me ta ce?

Mijinki,
Nagoggo


Baure, Satumba

Maigida,

Muna lafiya, gero ya fitar da kai, Allah ya tsayar da jirginka. Riƙe atamfarka. Kafin Hafizu ya tayar da babur Adama ta kama hannuna ta sa na rantse ba zan gaya maka ko kalma ɗaya ba, kuma na rantse. Yau da safe da na ce zan shigo Baure in rubuto maka, ko ɗago kai ba ta yi ba, cewa ta yi in sayo mata kanwa.

Abu ɗaya ne ban rantse a kansa ba, don ba magana ba ce, abin da kunnena ya lura da shi ne. Na zaci sunan zai yi mata nauyi, za ta yi in'ina kamar mai koyon karatu. Ba ta yi ba. Ikrima ya fito daga bakinta sumul, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, irin fitowar sunan da mutum ya daɗe yana kira a inda ba kowa.

Rahmatu